Motocin da Baba Ya Ɗaga

Jar motar ce ta fara zuwa, kuma ba da ƙafarta ta iso ƙofar gidanmu ba. Samari ne suka turo ta daga bakin kwalta, domin tana saukowa cikin layinmu cikinta ya zauna a kan rairayi, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna watsa wa mutane ƙasa. Ina zaure a lokacin, na dawo daga lekol, wato makarantar boko, ko hijabi ban cire ba. Garajin mahaifina a ƙofar gida yake: rumfar kwano, da rami ɗaya, da benci a gindin dalbejiya. Duk abin da aka faɗa a can ana jin sa daga zaure, ni kuma a zaure nake karatuna.

Sunan mahaifina Idi, amma a Matameye Idi Mai Ƙafa ake ce masa. Ba ya taɓa inji, ba ya taɓa wayoyin lantarki. Aikinsa ƙafar mota: resor, wato ƙarfen nan murɗaɗɗe da mota ke zaune a kansa, da amortisar mai hana ta tsalle-tsalle, da duk wani abu da ya haɗa taya da jikin mota. Abin da aka fi kawo masa shi ne ɗaga mota. Motar da aka sauke a Kwatano an ƙera ta ne don ƙasashen da ba su san rairayi ba. In ta zo nan sai an sa mata kal, guntun roba mai kauri da ake cusawa a saman resor, ta ƙara tsawo, sannan ta iya shiga unguwa.

Jar motar ta Mutari ce, ɗan wani Alhaji mai fataucin riɗi. Ƙofa biyu gare ta, da dogon hanci, kuma in aka tayar da ita kwanon rumfarmu rawa yake yi. Samarin gari suka sa mata suna Barkono. Ba a jima ba Laminu, ɗan wani Alhajin mai fataucin shanu, ya sa aka kawo masa baƙa, ta fi ta Mutari faɗi da nauyi. Ita kuma aka ce Hadari. An ce duka biyun daga Amurka suke, kuma masu ƙera su ma a can ba sa ga maciji da juna. Baba ya ɗaga su duka. Ya cire musu tayoyinsu na asali, masu siririn gefe da rami ɗaya ke fasawa, ya sa musu masu tsawo. Kowanne da zai karɓi makulli ya gaya masa magana ɗaya: ya yi mata ƙafar zuwa gida, bai yi mata ƙafar gudu ba. Kowanne ya ce, “To, Baba Idi,” idonsa yana kan motar.

Daga nan bencinmu ya zama wurin gardama. Kullum bayan la'asar 'yan Barkono a gefe ɗaya, 'yan Hadari a ɗaya gefen, kowa da waya a hannu. Sun samo bidiyoyin da Turawa ke jera irin waɗannan motoci a fili suna sakin su, suna ta nuna wa juna.

“Duba nan! Kafin baƙar ta gama tari ja ta ɓace!”

“Kai dai ka ja bidiyon gaba, ɗan wahala. Wa ya riga kaiwa ƙarshe?”

“Taku ai saniya ce, nauyi kawai.”

“Taku kuma fara ce mai fiffike, iska ma ɗauke ta take yi.”

Suna lissafa dawakin da ke cikin kowane inji kamar su suka ɗaure su. Na lura mafi yawan masu ɗaga murya ko babur ba su da shi. Gardama ta yi gardama, har aka yanke cewa za a jera su a hanyar Ɗan Barto a sake su, a huta da musu.

Matsalar ita ce Laminu bai iya motarsa ba. Kowa ya san ya taɓa taka ta da ƙarfi ta juya masa baya a tsakiyar titi, tun daga ranar lallaɓa ta yake yi. Sai ya nemi wanda zai tuƙa masa, ya zaɓi yayana Habibu. Yaya Habibu shi ne ɗan farin Baba, kuma shi ne aparantinsa, yana koyon aiki a hannunsa tun yana ƙarami. Ya iya tuƙi sosai, samari suna yabonsa, shi kuma yana son yabon. Ya amsa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Baba yana cikin rami ranar da ya ji. Wani yaro mai suna Nasiru, cikin 'yan Hadari, shi ya saki maganar. Baba ya ce daga ƙasa, “Motar da na ɗaga ba ta tsere.”

Nasiru ya yi dariya ya ce, “Haba Baba Idi, roba ce fa kawai ka cusa. Wannan ko ni a ba ni kirik na ɗaga mota zan yi.”

Na ji ƙarar kile, ƙarfen kwance ƙusa, da ya ajiye a kan siminti. Ya fito daga ramin a hankali, ya goge hannu da tsumma, ya tsaya a gaban bencin. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo irin ta ranar ba. Zan rubuta ta kamar yadda na ji ta.

“Roba ce kawai. To ka zauna, ɗan samari, in gaya maka robar.

“Aikin farko da aka ba ni a Damagaram, a garajin Maigida Bukar, wanke ƙusoshi ne a cikin gazuwal, man manyan motoci. Kwanon sha ne tsoho, a cika shi da ƙusoshi baƙi ƙirin, in zauna in wanke ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Damina ta wuce, rani ya wuce, ina wankin nan. Na zaci wulaƙanci ne. Wata rana ya rufe mini ido da hularsa, ya sa mini ƙusa a tafin hannu ya ce, ta ina ce? Na ce ta saman amortisar ce. Ya sa wata. Na ce wannan haƙorinta ya cinye. Sannan ya bar ni na taɓa kirik. Kuma kafin in taɓa, sai da ya nuna mini kututturen gawo guda biyu ya ce duk ranar da ya gan ni kwance a ƙarƙashin mota kirik kaɗai ke riƙe da ita, in tattara in koma Matameye. Ga irinsu can, ku duba, har yau da su nake aiki. Kirik ƙarya yake yi. Itace ba ya yi.

“Resor na farko da na ga ya kuɓuce, na wata motar gwamnati ne. Ku da kuke ganin sa a kwance kamar abin wasa, in an matse shi nauyin mota ne a cikinsa. Wani abokin koyona, Sale, ya ce ba sai ya ɗauko ƙarfen matsewa ba, zai ɗaure da waya, ya ga ana yi. Wayar ta tsinke. Resor ya wuce ta gefen bakinsa ya huda kwanon rumfa ya fita. Muka tsinci haƙoransa a cikin ƙasa. Yana nan da rai, goro yake sayarwa a tasha, kunu yake sha har yau. Ƙarfen matsewar da kuke gani a rataye can ni na haɗa shi da hannuna daga dogayen ƙusoshin babbar mota, kuma ba na ba da aronsa ko ga wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya.”

Wani ya ce, “To mun ji, Baba, amma ai yanzu zamani ya canja.”

“Rufe mini baki, ban gama ba. Zamanin ya canja nauyin ƙarfe ne?

“Kal ba a cusa shi da ka. Sai na tambayi mai mota inda yake kwana, da abin da yake ɗauka, da yadda yake taka ta. Wata unguwarzoma ta kawo mini ƙaramar motarta, tana zuwa ƙauyukan Tsauni. Na bi ta har can a bayan babur na ga hanyar da idona, na ga inda ruwa ke yanke ta, sannan na dawo na yanka mata kal. Gaba kaɗan, baya kaɗan, don ita kaɗai take shiga da jakarta. Direban kasuwa kuma da ke loda buhunan wake har rufi, nasa daban ne, bayan ne ke buƙata. In ka ba unguwarzoma na direban kasuwa, motarta za ta riƙa tafiya hanci a ƙasa kamar akuya mai neman ɓawo. Kuma duk wanda ya zo, kalmarsa ɗaya ce: ƙara mata. Ƙara mata, Mai Ƙafa. Wani Alhaji ya taɓa ce mini yana son tasa ta kai raƙumi. Na ce ya sayi raƙumin. Ya yi fushi ya kai wa wani, aka ƙara mata, bai rufe wata ba ƙafar gaba ta tsinke a gaban masallaci. Ya dawo mini da ita.

“Shekarar da aka rufe boda kuna ina? Kuna gida ana zuba muku tuwo. Kayan gyara daga Kano muke samu, aka wayi gari babu. Babu kal, babu amortisar, ko roba ƙarama babu. Tsohuwar tayar babbar mota na saya, na riƙa yanka ta da wuƙa, in huda da ƙarfe mai zafi, in jera falle-falle in matse. Hayaƙin ya zauna mini a ƙirji har yau. Motoci ma suka daina zuwa, don mai ya yi wuya. Yaran da ke koyon aiki a nan suka watse, wani ya koma sayar da mai a kwalba, wani ya koma kabu-kabu. Na koma gyaran ƙafar amalanke, manomi ya kawo in gyara ya ba ni gero. Ni da na taɓa motocin manya, ina kwance a ƙarƙashin amalanke sa yana yi mini fitsari kusa da kunne. Ban sayar da kile ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ne ya zauna tare da ni a shekarar nan, ga shi can.”

Ya nuna Yaya Habibu da haɓa. Baba ba ya kiran sunansa, kamar yadda iyaye ba sa kiran ɗan fari. Yaya yana tsugune yana wanke hannu a bokiti, bai ɗago ba.

“Akwai wata farar mota doguwa da na ɗaga wa Mamman direba, mai jigilar Kurni. Mamman mutum ne mai sanyin ƙafa, ya yi shekaru da ita ko kaza bai take ba. Da ƙarfinsa ya ƙare ya sayar wa wani yaro kamarku. Wata safiya jandarmomi suka aiko a kira ni, wai in zo in duba ko aikina ne ya karye. Na je. Kwana ce ba wata babba ba, da ɗan kwari kafin a kai ta. Ban sha wahalar shiga ƙarƙashi ba, domin ƙarƙashin ne a sama. Na duba ƙafa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane kal yana wurinsa. Ko ƙusa ɗaya ba ta saki ba. Aikina lafiya lau. Takalman mutane ne a warwatse cikin gonar gyaɗa, har da na yara. Jandarma ya ce, to Mai Ƙafa, ba laifinka, kana iya tafiya. Kun ji? Ba laifina. Motar da aka ɗaga ba sai wani abu ya karye ba. In ta hau tudu da gudu, amortisar ya riga ya miƙe, ba shi da sauran abin da zai bayar, taya ta bar ƙasa. In kwana ta same ta a haka, sitiyarin da ke hannunka faranti ne.”

Sai Mutari, wanda ke jingine da jar motarsa yana kaɗa makulli a yatsa, ya ce, “Allah ya jiƙansu. Amma Baba Idi, waccan tsohuwar mota ce. Kai da ka shiga cikin waɗannan biyun, tsakani da Allah, wacce ta fi?”

“Kana so ka ji? Zan faɗa, ba tsoronku nake ji ba. Taka ba ta da nauyi, ita za ta riga tashi. Kana taɓa ta take amsawa, amma bayanta rawa yake yi, in akwai yashi a kan kwalta sai ta nemi ta waiwayo ta dube ka. Ta Laminu tana da nawar tashi, sai ta ja numfashi, amma in ta ja, ƙarfinta ba ya yankewa, kuma ta fi zama a ƙasa. Sai dai wannan nauyin shi za ka biya in ka zo tsayawa. A ƙasarsu, a filinsu, a kan ƙafarsu ta asali, gajeriyar tafiya taka ce, doguwa tasa ce.”

Bai rufe baki ba benci ya kaure. 'Yan Barkono suna ihu, “Ya ce ita za ta riga tashi!” 'Yan Hadari suna ihu, “Ya ce doguwa tamu ce!” Har da masu tafawa.

Baba ya daki kwanon rumfa da tafin hannu, kowa ya firgita.

“Dabbobi! Na ce a kan ƙafarsu ta asali! Waɗannan biyun ba su ne na cikin wayarku ba. Na cikin waya cikinsu na shafar ƙasa, tayarsu an yi ta don zafi da gudu. Waɗannan ni na canja musu ƙafa. Tayar da ke jikinsu ta hannu ce, ban san shekarunta ba, ban san ranar da ta sha ba, na sa ta ne don ta haye rami. Kuma filin Turawan nan kun ga amalanken rake a ciki? Kun ga yara masu kora awaki? In tsere kuke so, ku bar mini su. In cire kal, in mayar da tayoyinsu, su koma yadda aka ƙera su, ba na son ko sisi. Sannan ku nemi inda ba mutane.”

Laminu ya ce, “In ka sauke ta, ta yaya zan shiga da ita gida?”

“Ba za ka shiga ba. Ka zaɓa.”

Mutari ya ce, “A sake turo ni cikin layi mutane na kallo? Allah ya kiyaye.” Aka yi dariya, suka fara watsewa. Daga baya Baba ya aika wa iyayen Mutari da Laminu. Ɗaya ya tafi Makka, ɗayan ya aiko cewa yara ne, a bar su su huce.

Ranar, da wurin ya rage shi da Yaya Habibu, Baba ya ce, “Kai. Ka mayar wa Laminu da maganarsa.”

Yaya Habibu ya ce, “Baba, na riga na amsa a gaban mutane.”

“Ka warware a gaban mutane.”

“Na san motar nan, tare muka ɗaga ta. Na san inda zan saki, na san inda zan riƙe. In na janye yanzu ba zan ƙara ɗaga kai a garin nan ba.”

“Yaron da ya sayi motar Mamman ma ya san inda zai riƙe.”

Yaya ya zubar da ruwan bokitin, ya tafi. Inna ta yi masa magana a cikin gida, ta yi kuka, ya ce ta yi masa addu'a kawai. Baba bai ƙara tayar da zancen ba. Na lura dai ya daina cin abinci da yawa, kuma ya sake shiga ƙarƙashin Hadari ya bi kowace ƙusa da kile, alhali ba wanda ya sa shi.

Ranar tseren, bayan la'asar, Inna ta ce, “Rabi, tashi ki je ki gano mini. Ni ƙafata ba za ta kai ni ba.” Ba na son taro, amma na je. Na tsaya can baya kusa da wata mai sayar da rake. Mutane sun cika gefen hanya a wajen gari, babura ko'ina, yara a kan bishiya. An tura wasu samari gaba su tsare amalanke. Motocin biyu suna jere a kan kwalta suna gurnani, Mutari a cikin ja, Yaya Habibu a cikin baƙa, ya sa wani baƙin tabarau da ban san shi da shi ba.

Sai na hango Baba yana tahowa a ƙasa. Ba kayan aiki ne a jikinsa ba, farar rigarsa ce ta Juma'a da hula. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya zagaya gefen Hadari, ya buɗe ƙofa, ya shiga ya zauna kusa da Yaya, ya rufe.

Laminu ya rugo. “Baba Idi, lafiya? Fito, za a tashi!”

Baba ya sauke gilashi. Muryarsa ta kai har inda nake. “Yaron nan ban yaye shi ba. Aparanti ba ya gwada aikin maigidansa sai maigidan na zaune a gefe. Haka aka yi mini, haka ake yi a kowane garaji. Tambayi duk makanikin da ke wurin nan.”

Akwai makanikai a cikin taron, kuma ba wanda ya musa. Wani tsoho ma cewa ya yi, “Haka ne.”

“Motata ce!” in ji Laminu.

“Ƙafar tawa ce. In kana so in fita, sauke direbanka ka shiga da kanka.”

Laminu ya dubi motar, ya dubi mutane, bai shiga ba. Ta gilashin gaba na ga Yaya ya cire tabarau yana yi wa Baba magana da sauri, yana nuna wani abu a kafaɗarsa. Baba yana kallon gaba, hannayensa a kan gwiwa. Nasiru, wanda aka ba ɗankwalin da zai saki alamar a tashi, ya gaji da jira. Ya ɗaga, ya saki.

Barkono ta yi ƙara ta wulla, bayanta ya karkata gefe guda har mutane suka ja da baya, sannan ta miƙe ta ɓace. Hadari ta yi gurnani mai ƙarfi, ta zabura kamar tsawon gida biyu, sai ƙarar ta faɗi. Ta ci gaba da tafiya a hankali, kamar motar da ta ɗauko mara lafiya. Yaran babura suka bi ta suka wuce ta suna waiwaye suna ihu. “Hadarin ba ruwa!” “A kawo sa ya ja ta!” Na ji wani yana cewa ɗan Mai Ƙafa ya ɗauko babansa ya rakiya don tsoro. Mai raken ta yi dariya har da riƙe ciki, ba ta san ko ni wace ce ba.

Barkono ta dawo lafiya. Ba abin da ya same ta, ko ƙwarzane. Samari suka ɗaga Mutari sama. Da suka sauke shi wani ya miƙa masa gorar ruwa, na ga ya kasa buɗe murfin, ya gwada ya sake gwadawa, sai ya miƙa wa na kusa da shi yana dariya. Ban ji wani ya yi maganar ba. Abin da gari ya ɗauka shi ne, an yi gudu ba a mutu ba, tsoho ya cika tsoro.

Hadari ta dawo daga baya. Yaya ya fito ya jefa wa Laminu makulli, ya ratsa taron bai kalli kowa ba. Baba ya fito ya gyara hularsa, ya kama hanyar gida a ƙasa, ana yi masa shewa a baya.

Na riga su isa. Ina gaya wa Inna ke nan Yaya ya shigo, ya tsaya a tsakar gida yana huci.

“Da ma zagina ya yi, Inna! Da ma marina ya yi a gaban mutane! Ko kalma bai ce ba. Na ce ya ɗaura bel, na roƙe shi, ya ƙi. Motar tana ta ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, wai wani bai ɗaura ba, tun daga tashi har dawowa. Ina sa ƙafa sai in ga goshinsa da gilashi. Ta yaya zan taka? Ya kashe ni a garin nan, wallahi ya kashe ni!”

Inna ta ce, “Ga ka kuwa a tsaye kana faɗa.”

Washegari da safe ya haɗa kayansa a jaka ya shiga motar Damagaram. Ya yi wa Inna sallama, ya dafa kaina, bai bi ta garaji ba. Laminu ya kwashe motocin gidansu ya kai wani wuri, abokansa ma haka. Benci ya koma ba kowa sai tsofaffin direbobi. Yanzu in Baba zai matse resor shi kaɗai yake yi, ya ɗaura wannan gefe, ya zagaya ya ɗaura wancan, aikin da a da kafin azahar an gama sai ya kai la'asar.

Mun samu labarin Yaya ya kama aiki a wani garaji a can. Yana kiran Inna a waya, yana kirana ya tambayi karatu. In Baba ya shigo sai ya kashe.

Kwanan baya Mamman direba ya zo gaisuwa, yana dogara sanda. Ya zauna a bencin, Baba yana cikin rami. Ya ce, “Mai Ƙafa, ka yi asarar yaro mai hannu. Ka aika a ba shi haƙuri mana, ka kunyata shi da yawa.”

Baba ya ce, “Ban aika ba, ba kuma zan aika ba.”

“Har yanzu fushi yake yi da kai fa.”

“Ya yi ta yi. Ya shekara ashirin yana yi, ya yi aure yana yi, ya haifi 'ya'ya ya koya musu. Ni dai na san garin da yake cin tuwo.” Ya miƙo hannu daga cikin ramin. “Turo mini kututturen nan da ƙafarka.”